Fendar Baba Dogo

"A fitar da abin nan daga ɗakin," in ji Alhaji Maina, ya damƙi wuyan gitar. "Mutum na kwance rai a hannun Allah, kun jingine masa kayan kiɗa a ka."

Ina tsaye bakin ƙofa da kwanon kunun da matata ta aiko. Baba Dogo, maƙwabcina da muke katanga ɗaya a Magariya, yana kan katifa, ƙafafunsa sun kumbura suntum. Tun da likitocin Damagaram suka ce ƙodarsa ta daina aiki aka dawo da shi gida, bai ƙara doguwar magana ba. Amma ranar sai da ya ɗaga kai.

"Yaya, sake ta. Ba nan ake riƙe ta ba."

"Abdulwahabu, ka ji tsoron Allah."

"Ina ji. Sake ta dai."

Alhaji ya sake ta, ya goge hannu a riga. "Zan je Dungas, in dawo bayan la'asar. In na tarar da ita a gidan nan, da hannuna zan sa ta a murhu."

Gitar bas ce, baƙa, mai tsirkiya huɗu masu kauri. Baba Dogo bai taɓa yarda a ce mata gita kawai ba, sai da sunan kamfanin da ya ƙera ta. "Fenda ce," yakan ce. "Sauran duk katako ne da waya." Yana saurayi ya sayar da san huɗar da ya gada, ya tsallaka Kano ya sayo ta, kuma har yau Alhaji bai yafe masa wannan san ba. Da ita ya yi bukukuwa daga Yekuwa har Sassumbrum, ana ɗora masu kaya a amalanke. Sai zamani ya juya, yaro ɗaya da waya da lasifika ya ishi biki. Abokan kiɗansa wasu sun mutu, wasu sun tafi arewa ba labari.

Ƙarar moton Alhaji, wato babur ɗinsa, na ɓacewa Baba Dogo ya yafuto ni.

"Ukasha, batirin nan da kake cajin wayoyi, zai ɗauki ampili, akwatin ƙara sautin gitar nan?"

"Zai ɗauka, Baba."

"Kuran ya tafi tun safe, ba wuta a gari, ba zan jira shi ba. Sau ɗaya nake so in ji muryarta. Sau ɗaya, sannan Yaya ya yi abin da ya ga dama."

Na rufe shago, na kinkimo batiri. Inna Hinda, matarsa, ta daɗe a ɗakin hatsi kafin ta fito da ampilin, kuma da ta ajiye ba ta kalli kowa ba. Na haɗa wayoyi, jar fitila ta kama. Baba Dogo ya yi murmushi, ya sa babban yatsa ya taɓa tsirkiyar sama.

Abin da ya fito wani furr ne, kamar an yaga buhu.

Na ɓalle ƙyallen gaban ampilin. Ɓeraye sun cinye takardar lasifikar tas, sun yi sheƙa da ɓawon gyaɗa.

"Tun bara na gani," Inna ta ce a hankali. "Na kasa faɗa maka, Malam."

Ni kuwa na hau moto neman wata lasifika. Yaron da ke kiɗan bukukuwa a unguwarmu ya tafi da lasifikokinsa ɗaurin aure Sassumbrum. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya juya ampilin, ya ce irin wannan sai Kano. Har wajen ladanin masallacinmu na je, na fara bayani, ya yi mini kallon da ya sa na haɗiye sauran. Na dawo hannu wofi, azahar ta wuce.

"Babu, Baba."

"Na sani. Ku tada ni."

Ni da Inna muka ja katifar zuwa bakin ƙofa, muka zaunar da shi, tana tallafe da bayansa. Ya ce in tokare kan gitar da ƙyauren katako, in danna sosai.

"Haka muke yi da, in ba kuran," ya ce yana haki. "Ƙyaure ya zama ampili."

Ya sunkuya ya ɗora haɓarsa a jikin gitar. Ya kai hannun hagu kan tsirkiyoyin, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa. Ya sake gwadawa, suka ƙi. Ya daɗe yana kallonsu.

"Kai ka kaɗa. Mai kaurin nan."

Na ja.

"Ba da farce ba, da tsokar yatsa. Ba kaza kake figa ba."

Na sake ja, a hankali. Ni dai ban ji komai ba sai ɗan amo a ƙyauren, wanda kukan akuyar tsakar gida ma ya danne. Amma shi ya lumshe ido. Ya ce in ƙara, in ƙara, yana ba ni lokaci da gira. Can na ga babban yatsan ƙafarsa, a kumburensa, yana motsi.

"Hinda, kin ji ta?"

"Na ji, Malam."

"Ƙarya kike," ya ce, yana dariya mai haɗe da tari. "Amma tana nan. Ba abin da ya same ta."

Muna haka muka jiyo moton Alhaji ya karyo kwana. Na zare gitar daga ƙarƙashin haɓarsa, bai riƙe ba. Na miƙa wa matata ta saman katanga. Alhaji ya shigo, ya duba kusurwa, ya ga wayam, ya ce alhamdulillahi, ya zauna a gefen ƙaninsa ya fara masa addu'a.

Ranar Juma'a da hantsi Baba Dogo ya cika, kansa a cinyar yayansa. Alhaji ya ce ya yi kalmar shahada sarai, yana faɗa yana share hawaye da hula.

A rabon gado ba wanda ya ambaci gitar. Da Inna ta fita takaba, danginta suka zo da amalanke daga Yekuwa. Na fito mata da ita, ta girgiza kai.

"Ba za su bar ni in shiga da ita ba. Ka riƙe, ko wani zai koya."

Ba wanda ya koya. Na rataye ta a shago, sama da wayoyin caji. Samari su shigo, su rungume ta su ɗauki hoto, su mayar. Tsirkiya ɗaya ta tsinke da kanta a cikin zafin bazara, na tambaya har Damagaram ban samu irinta ba.

Wani lokaci in babbar mota ta wuce zuwa iyaka, bangon shagon ya girgiza, nakan ga mai kaurin tana rawa ita kaɗai. Kusa da ita akwai wani ɗan gurbi inda babban yatsansa ya cinye fenti har katako ya fito. Ƙura ta fara cika shi.