Rabon Gara

A daminar 1988, lokacin da kogin Haɗeja ya cika har ya shanye gonakin bayan gari, 'Yar'azumi ce ke sharar ɗakin karatu na unguwarsu. A kantar ƙarshe akwai littafin da marigayi babanta ya rubuta da ajami, sunayen kifaye da shekarun ambaliya. Shi kaɗai ya rage mata daga hannunsa.

Kawu Inuwa, tsohon mai gadin wurin, duk Alhamis yakan sa busasshen ganyen darbejiya tsakanin littattafai, ya ajiye damin kara a lungu.

"Wannan rabon gara ne," yakan ce. "Ta riga mu zama a nan. In ta ƙoshi, ba ta hawa kantar littattafai."

Sai aka turo sabon jami'i, Malam Ayuba, da famfon feshi.

"Kawu, har gara kuke yi wa tuwo? Saura miya!" in ji shi. Ya sa aka zubar da karan, aka kakkaɓe ganyen. Ya feshe ɗakin, ya tsiyaya sauran maganin a surin bayan gini.

"Ranka ya daɗe, ba a korar mai gida," in ji Kawu.

'Yar'azumi ba ta iya musu da manya. Ta dai tsinci ganyen a ɓoye, ta cusa a littafin babanta.

Washegari ta share matattun ƙadangaru a bakin ƙofa. Tsuntsaye suka daina sauka a taga. Amma da rana tsaka, in ta tsai da tsintsiya, takan ji wani motsi a cikin ginin, kamar yayyafi a kan busasshiyar ciyawa.

Bayan sati shida wani malami ya zo aron ƙamus. Ta ɗauko, ta ji ba nauyi. Tana buɗewa, jar ƙasa ta zubo mata a ƙafa. Ta jawo na kusa da shi, haka. Littattafan na tsaye reras, sunayensu na nan a jiki, ciki babu ko harafi.

Ta nufi kantar ƙarshe. Ginin gara ya kewaye littafin babanta, saura tazarar yatsa ɗaya. Ta buɗe. Rubutun na nan, ganyen ya kusa zama gari.

Motsin nan ya tsaya cak, kamar ita ake jira.

Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta fita, ta zaro kara daga danga, ta ajiye a lungu. Tana tsaye ta ji motsin ya taso a hankali, ya bi ta ƙarƙashin ƙafarta, ya nufi wajen karan.