Jikina Ya Ƙi Nawa

Likita ya juyo min da allon na'urar ya ce in duba. Ga su nan, ƙwayoyin maniyyina, sun cure wuri ɗaya kai da kai, suna ta kaɗa jela, ba gaba ba baya.

"Aikin kwance maka jijiyar maniyyi ya yi kyau, hanya ta buɗe," in ji shi. "Amma tun da aka ɗaure maka jijiyar, wasu suka riƙa tsiyaya cikin jiki. Garkuwar jikinka ba ta san su ba, sai ta ɗauke su abokan gaba. Har yau kama su take yi."

Ka ji fa! Abin da ya fito daga bayana, wai jikina bai san shi ba.

Saboda marigayiya matata na yarda aka ɗaure ni, da aka ce wani cikin zai kashe ta. Duk da haka ciwon zuciya ya ɗauke ta. Na sake aure, wannan baiwar Allah kuma ba ta taɓa haihuwa ba. Tana renon 'ya'yana, tana goya na maƙwabta, shekaru na tafiya. Duk watan da ta ga jini sai ta shige banɗaki ta saki famfo don kada in ji kukanta. Ina ji kuwa, kuma yana cin raina.

Sai na yi tunani irin namu na masu walda: ƙarfen da ya ƙi lanƙwasuwa, gasa shi ake ya yi laushi. Tunda garkuwar ce ta yi ƙarfi, bari in karya ta. Na daina cin abinci, abin da matata ta zubo min sai in miƙa wa abokan aiki. Na yi ta kwara ruwan sanyi ina neman mura ido rufe. Rannan jiri ya kwashe ni a shago, na faɗi kan ƙarfe mai zafi, cinyata ta ƙone.

Da aka kwantar da ni a asibiti, likita ya wanke ni tas.

"Malam, yunwa ba ta goge wannan. Kanka kawai kake kashewa. Akwai dashen ƙwai a mahaifa, amma shi ma ba tabbas."

Da ya fita, matata ta zauna a bakin gadon, ta ɗebo shinkafa a cokali.

"Baban yara, buɗe bakinka. Ni fa na haƙura. Wallahi ban ma damu da haihuwar nan ba."

Tunda nake da ita ban taɓa jin ta rantse a kan ƙarya ba sai ranar. Ta miƙo cokalin, shinkafar na zuba a kan zanen gado. Na buɗe baki.