Katakon da Shalele Ta Dafa

Maman Shalele tana rarrafe a tsakar falo, ta ɗaure gyale a ƙugu, tana bin gindin sabon kabad da tafin hannu. Baba Kafinta yana tsaye a bakin kicin, fensir a bayan kunne, ya ƙura wa silin ido don kada dariya ta kufce masa.

"Baba, nan wurin fa da sauran kaifi."

"Ina kuma, Hajiya?"

"Ga shi nan ƙasa. Daga sama ba za ka gani ba, sai ka sauko inda yarinyar take."

Tsohon ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya shafa kusurwar, ya jinjina kai, ya zaro takardar goge katako daga aljihu. "Na yi wa manya aiki, na yi wa masu kuɗi, amma ban taɓa samun mai duba aiki da rarrafe ba sai a gidan nan."

Haka suka saba tun ranar da aka fara gyaran wannan gida na hawa na biyu da za su koma. Masu fenti sun gama, masu tayil sun tafi, saura shi da ya karɓi kwangilar duk aikin katako: kabad ɗin falo, na kicin, da wadrof ɗin ɗaki. Ita ta faɗa masa yadda take so, dalla-dalla. Kada a bar kusurwa ko ɗaya mai tsini. Kada a sa mariƙi a kowace ƙofa ko durowa, a yi su irin waɗanda ake dannawa daga sama su buɗe. Kantoci duk a ɗaga su. Teburin tsakar falo kuwa ta riga ta kyautar.

Ba ta jin kunyar wannan tsanani. Shalele bakwainiya ce. Uwar ta yi makonni tana leƙenta ta jikin kwalba a asibiti, ɗan hannunta bai fi babban yatsa ba. Yanzu ta shekara ɗaya da rabi, ta yi kumatu, tana gwalantu, tana rarrafe kamar ana korar ta, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa miƙewa tsaye ba. Likita ya duba ƙafafun, ya ce lafiyarsu lau, a ba ta lokaci. Dangi kuwa ba sa ba da lokaci. Duk wadda ta zo sai ta ce, "Har yanzu dai?" Maman Shalele ta yi murmushi, in sun tafi ta zauna tana matsa ƙafafun yarinyar tana addu'a.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maigidan ne, da kayan ofis a jikinsa, Shalele a kafaɗa, jakar kayanta a ɗaya hannun.

"Mama ta tafi dubiya, babu wanda zan bar wa yarinyar. Ni kuma na makara."

"Abban Shalele, cikin wannan ƙurar?"

"Wace ƙura? Gidan da kika goge har bango yana ɗaukar ido?" Ya miƙa mata yarinyar, ya juya wajen kafinta. "Baba, yaya kake fama da shugabar taka?"

"Ai ga babbar shugabar nan ta iso. Barka da zuwa, uwar ɗakina. Duk wahalar da nake sha saboda ke ce, ko sannu ba ki taɓa ce min ba."

Shalele ta kai hannu ta cafke fensirin kunnensa. Uwar ta ƙwace da sauri, ta mayar masa.

Bayan maigidan ya fita, ta shimfiɗa bargo a ɗakin kwana, wanda shi ne aka gama tsaf, ta kewaye shi da matasan kai, ta zaunar da yarinyar a tsakiya da kayan wasanta. Ta janyo ƙofa, ta bar ta a ɗan buɗe don ta riƙa jin motsinta.

A kicin suka shiga muhawara kan kantar kayan yaji. Shi ya ce in ya ƙara ɗaga ta, ita kanta sai ta taka kujera. Ita ta ce ta yarda, gara ta taka kujera. Ya ce to kujerar fa, ba ita ce yarinya za ta hau ba wata rana? Ta yi shiru tana lissafin wannan sabuwar barazana, shi kuma yana ta dariya ƙasa-ƙasa. Cikin shirun ne ta lura ba ta jin kacau-kacau ɗin abin wasa.

Bargon yana nan, matasan kai biyu sun ture, babu Shalele.

"Shalele!" Ta leƙa bayan ƙofa, ta leƙa banɗaki. Ta fito lungun da ya nufi baranda, sai ta tsaya cak.

A nan Baba Kafinta ya ajiye ɗan guntun bencinsa na aiki, tsohon katako mai kaushi, duk tabon gam da sawun zarto. Shalele ta kama bakinsa da hannu biyu. Tana tsaye. Ƙafafun suna rawa, ɗuwawun ya turo baya, miyau na zuba, amma tana tsaye a kan ƙafafunta, tana kallon uwarta da haƙora huɗu a waje.

Kafin Maman Shalele ta san me take yi, ta sure ta. Yarinyar ta callara kuka, tana banƙarewa, tana miƙa hannu wajen bencin. Uwar ta buɗe tafukan tana neman sartse. Babu ko ɗaya.

"Hajiya, ki yi haƙuri, laifina ne," in ji kafinta daga bayanta, murya ta sauya. "Na sha'afa ban kai shi baranda ba. Yanzu zan fitar."

"Baba, ka gani kuwa?"

"Na gani."

"Tsaye take fa."

"Tsaye ƙyam. Da idona."

Ta zauna a ƙasan falo, ta sauke yarinyar. Shalele ta share kuka, ta rarrafa wajen sabon kabad. Ta ɗaga hannu ta manna a ƙofarsa mai sheƙi, ta yunƙura, hannun ya sulluɓe. Ta matsa gaba ta sake, ya sake sulluɓewa. Ta juya ta dubi falon, ta dubi bango, sannan ta zauna daɓas ta sa yatsa a baki.

Maman Shalele ta bi falon da kallo daga inda take zaune. Ta rarrafa gidan nan lungu-lungu tana neman abin da zai ji wa yarinya ciwo, ba ta taɓa neman abin da yarinya za ta kama ba. A tsohon gidan ma haka ne: kullum Shalele tana goye, ko tana tsakiyar matasan kai. Sai dariya ta kufce mata, hawaye na bin ta.

"Baba, gidan nan ko ƙadangare ya shigo sai ya zame."

"Yadda kika ce haka na yi, Hajiya."

"Na sani. Akwai ragowar katako?"

Akwai dogon falle guda da ya rage daga wadrof. Ta nuna masa bangon falo, daga gefen kabad har zuwa kusa da ƙofar ɗaki. Ya zaro tef zai auna, ta ce ya bari. Ta ɗauko Shalele ta zaunar da ita a gindin bangon, ta ɗaga abin wasa sama. Yarinyar ta miƙa hannu iya ƙarfinta. Inda yatsun suka kai, nan kafinta ya ja layi da fensir.

"Uwar ɗakina ta ba da awo da kanta. To ni wane ne?"

Ya fita baranda ya rufo ƙofa saboda ƙura, ya fere katakon ya zama mulmulalle, daidai kamun ƙaramin hannu. Gugar kuwa Maman Shalele ta ce ita za ta yi. Ta goya yarinyar, ta zauna da takardar guga, tana yi tana gwadawa a kumatunta. Da ya kunna injin huda bango ta shige ɗaki ta toshe wa Shalele kunnuwa. Da ya gama ɗaurewa ta kama katakon da hannu biyu ta ja da duk nauyinta.

"Hajiya, yarinya za ta dafa, ba saniya za a ɗaure ba."

"Ƙara ƙusa ɗaya a tsakiya dai."

Ya ƙara.

Da la'asar maigidan ya dawo, ya turo ƙofa da sallama, babu wanda ya amsa da ƙarfi. Baba Kafinta yana tsugune a gefe, ya haɗa kayansa tun ɗazu amma bai tafi ba. Ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna bango da haɓa.

Shalele tana riƙe da katakon. Ta ja ƙafar dama gefe, ta tsaya tana nazari, ta jawo ta hagu. Ta matsar da hannu. Jakar ofis ta sulale daga kafaɗar uban.

"Allahu akbar," ya ce a hankali. "Yaushe? Maman Shalele, yaushe?"

"Shhh. Za ka ruɗa ta."

Ai kuwa ta ji muryarsa. Ta waiwayo, ta saki hannu ɗaya don ta nuna shi, sai ta tafi daɓas a kan ɗuwawu. Yarinyar ta juya ta dubi fuskar uwarta, leɓen ƙasa ya fara rawa, tana jira ta ga ko abin kuka ne.

Maman Shalele tana zaune a ƙasa, taku kaɗan daga wurin. Kafaɗunta suka zabura, amma ba ta tashi ba. Ta buɗe ido, ta saki fuska.

"Yauwa, 'yar albarka! Tashi mu gani."

Shalele ta yi ɗan tunani, ta haɗiye kukan, ta ɗaga hannu ta laluɓo katakon.

Maigidan ya matso ya durƙusa kusa da matarsa, ya dube ta sama da ƙasa.

"Ke kuma ina hannayenki?"

"Na zauna a kansu," ta ce, idonta na kan yarinyar. "Kada ka yi min magana yanzu."