Ranar da Aka Kai Bassu Kasuwa a Kan Ƙyaure

Ina cikin kwashe gurasa daga tanda na ji ana bugun wani abu a gidan Bassu, bugun da ba na lafiya ba. Na ce shi ke nan, tsohon ya cika. Na taka turmi na leƙa ta katanga, sai ga mijina Lahsan da Iddir ɗan Bassu suna kokawa da ƙyauren ɗaki za su cire shi. Tsohon kuwa yana kwance daga ciki yana zazzaga musu masifa, wai da mata aka ba aikin nan da tuni sun gama har sun ɗora tukunya.

"Lahsan, me nake gani haka?"

"Ayarin birnin Fas ya sauka. Tsohon ya ce kasuwa za mu kai shi."

"A kan ƙyaure? Mutumin da ko ruwa ba ya zama a cikinsa?"

Muryar Bassu ta fito daga ɗaki, siririya amma da dafinta. "Tuda, in kin gama leƙen ki kawo mana matashi. Naki ya fi namu laushi, tunda ba ki da sana'a sai kwanciya."

Na ce masa Allah ya shirye shi, na sauka na ɗauko matashin.

Tun da aka kawo ni gidan Lahsan katanga ɗaya ce tsakanina da Bassu, kuma tun ranar muke faɗa. Yana da ɗan kasko da yake narka dalma a tsakar gida don ya gwada kyanta, hayaƙin ya tsallako ya bi kajina, su yi ta layi suna faɗuwa. In na yi magana ya ce kajina ne ba su da ƙwari, irin na uwar gijiyarsu. Amma duk unguwarmu a inuwarsa muke ci. Mutanen dutse su haƙo dutsen dalma, su narka shi da zugazugi a can gangare, su zuba sanduna, alfadaran Lahsan su sauko da su, Bassu ya sayar. Maharba suna ɗiban kaɗan don harsashi, masu gyaran bututun gidan wanka su ɗebi kaɗan. Babban ciniki kuwa sau ɗaya ne a shekara, ranar da Si Tayyib ya zo daga Fas ya kwashe kayan gaba ɗaya ya kai wa magina kwanuka, waɗanda ke yin shafen nan mai ƙyalli da ita. In cinikin ya kuɓuce wa gidan Bassu, alfadaranmu sai dai su koma dakon itace.

To dalmar da ta ciyar da shi ita ta cinye shi. Ciwon ciki ya fara murɗa shi yana birgima, dasashinsa ya yi baƙi, daga baya hannayensa suka saki daga wuyan hannu, suka koma suna reto, ko kofin shayi ba ya iya riƙewa. Wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce, domin a garinmu ba a cinikin dalma da baki. Mai saye da mai sayarwa su zauna gwiwa da gwiwa, a rufa musu alkyabba a hannu, su yi ta matsa yatsun juna har su daidaita, ba wanda ya ji farashi. Kuma ciniki na hannun da ya ƙulla shi ne. In mai hannun ya rasu kafin a gama ɗora kaya, ciniki ya bi shi, mai saye ya nemi wani. Muha, wani mai sayar da dalma da ke bakin ƙofar kasuwa, wannan yake jira. Kullum sai ya aiko a gaida mai jiki, har da ɓaure a kwando, don tsananin ƙauna.

Ga Iddir nan, za ku ce. Ni ma abin da nake cewa ke nan har bakina ya gaji. Mutum da furfura a gemu, da 'ya'ya har sun fara tasawa, amma uban bai taɓa barin hannunsa ya shiga ƙarƙashin alkyabba ba. Ya auna, ya ɗauka, ya share rumfa, ya dafa shayi. In ka ce wa Bassu ya bar shi ya gwada, sai ya ce yaron nan zuciyarsa ta cika laushi, ɗan Fas zai shanye shi da ruwan sanyi. Iddir kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da abin da yake yi. Wallahi wani lokaci haushinsa nake ji fiye da na uban.

Aka shimfiɗa bargo a kan ƙyauren, aka ɗora tsohon, na cusa masa matashi. Ya ce a naɗa masa rawani, ba zai shiga kasuwa kamar marar gata ba. Lahsan da Iddir suka kama gaba, maƙwabta biyu suka kama baya, ni na bi su da butar ruwa, gurasata kuwa na bar ta ta ƙone.

Kafin mu kai bakin lungu labari ya riga mu. Mata suka cika saman soraye, mai gidan wanka ya fito da zanensa a kafaɗa, wanzami ya bar kan mutum rabi da kumfa ya biyo mu, mai kan ma ya biyo. Wata tsohuwa ta ga mutum kwance a kan ƙyaure ta fara salati tana kuka, Bassu ya ɗaga kai ya ce mata ta adana hawayenta, bai shirya ba tukuna. Aka kwashe da dariya. Shi ke ba da umurni, a bi ta nan, a kauce wa kwata, Lahsan ya daina tafiya kamar alfadarinsa. Ni dai ina biye, rabi murna rabi tsoro, domin ina ganin yadda leɓensa ke yin fari duk lokacin da aka yi tuntuɓe.

Muka tarar da Si Tayyib a rumfar 'yan dalma, zaune a kan darduma da farar jallabiyarsa, Muha na gefensa yana zuba masa shayi da na'a-na'a har yana ɗaga buta sama don gwaninta. Da ya hango mu shayin ya zuba a tire. Si Tayyib kuwa ya miƙe tsaye, ya zo ya sumbaci kan tsohon, ya ce an gaya masa ba shi da lafiya amma ba a gaya masa ya zama sarki ana ɗaukarsa ba. Bassu ya ce a bar dogon zance, a kawo alkyabba.

Shugaban 'yan dalma ya zo ya zauna don shaida. Aka jingina tsohon da buhu. Da aka zo miƙa hannu sai hannun ya faɗi a cinyarsa. Ya yi, ya yi, ya ƙi tashi.

"Iddir," in ji shi, bai ko dube shi ba, "tallafe min wuyan hannu. Tallafewa kawai na ce. Kada ka motsa ko ɗan yatsa."

"To, Baba."

Iddir ya durƙusa ya tallafe, aka rufa alkyabba a kansu su uku. Ina tsugune dab da su da butata, don haka ba labari aka ba ni ba. Na ga kafaɗar Si Tayyib ta motsa, ya yi tayi ke nan. Ya jira amsa. Bassu ya cije, jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa daga ƙarƙashin rawani, amma alkyabba ba ta motsa ba. Si Tayyib ya sake matsawa, ya sake jira. Na dubi Muha na ga yana gyara zama, na ji kamar in kwaɗa masa butar.

Can sai girar Si Tayyib ta ɗaga. Na kai ido hannun Iddir, na ga naman damtsensa yana motsi a hankali. Bassu ma ya ji. Ya juyo da ido kan ɗansa, ya buɗe baki, na ce yau za a yi ta a gaban jama'a. Sai ya rufe bakin, ya mai da kansa kan buhu.

Daga nan fa aka shiga ciniki na gaske. Si Tayyib ya yi tsaki, ya girgiza kai, ya rantse da kabarin mahaifinsa cewa so ake a talauta shi. Ya yi yunƙurin tashi har gwiwarsa ta bar darduma, amma hannunsa na ciki, ya koma ya zauna. Ya ce dalmar bana ma an ce ba ta kai ta bara ba. Iddir fuskarsa kamar mai jin barci, idonsa a ƙasa, alkyabba kuwa sai rawa take yi. Mutane suka yi ta matsowa, wasu a kan buhuna, wasu a kan katanga, mai sayar da zaitun ya bar tirensa awaki na ci. Ni har na manta da ruwan da nake riƙe da shi, rabinsa ya tsiyaye a zanena. Rana ta karkata kafin Si Tayyib ya sauke numfashi ya ce Allah ya sa albarka.

Mutumin kirki ne, ya so ya rufa wa tsohon asiri. Ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Si Bassu, hannunka bai tsufa ba. Ban taɓa shan matsa irin ta yau ba."

Fuskar Bassu ta yi haske, ba zan ɓoye ba, maganar ta yi masa daɗi. Shugaban 'yan dalma ya buɗe baki zai shaida cewa ciniki na Bassu ne, sai Muha ya riga shi da fara'arsa.

"Madalla, Kawu. Kayan da yawa, ɗora su zai kai jibi. Allah ya ba da nisan kwana har a gama."

Kowa ya gane inda ya dosa. Lahsan ya dube ni, na dube shi. Tsohon nan ba mai kaiwa jibi ba ne, shi ma ya sani. In aka shaida hannunsa ne, ya tafi da sunansa na gwani, mu kuma ya bar mu da alfadarai da yunwa. Iddir bai ɗago ba, ba zai taɓa ƙaryata ubansa a kasuwa ba ko da za a rasa komai. Hannayensu na nan a rufe, ba a janye ba tukuna.

Bassu ya kalli alkyabbar. Sai ya sunkuyo da ƙyar, yana nishi, ya kai bakinsa ya ciji gefenta da 'yan haƙoran da suka rage masa, ya ja da baya. Alkyabba ta zame ta faɗi a ƙirjinsa. Ga hannun Si Tayyib cikin na Iddir, yatsu a sarƙe, ga na tsohon kwance a gefe a kan gwiwa.

Ya tofar da zaren da ya maƙale masa a baki. "Ku duba da kyau, kai ma Muha matso ka duba. Nawa ya mutu tun bara. Wannan hannun Iddir ne, ciniki nasa ne."

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, a tsakiyar maza, ina kuka ina dariya. Matan da ke bakin rumfa suka karɓa. Shugaba ya ɗaga hannun Iddir ya shaida, aka shafa fatiha, Lahsan ya rungume wanzami don shi ne kusa da shi. Muha ya tattara tirensa ya ce dama shi alheri yake nufi.

Cikin hayaniyar nan Bassu ya yafito ɗansa da kai, ya ce ya raɗa masa nawa aka tsaya. Iddir ya raɗa masa. Tsohon ya lumshe ido, ya jima, sannan ya ce da ya ƙara matsawa kaɗan da mutumin ya ƙara. Si Tayyib ya ce da an ƙara da sai dai ya sayar da alfadarinsa ya koma Fas a ƙasa. Bassu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da tarin ya lafa ya ce wa Iddir, a hankali, shi kansa bai taɓa kai Si Tayyib wannan farashin ba. Iddir ya kau da kai yana goge ido da hannun riga.

Muka ce a koma gida, ya ce a'a, masaukin fatake za a kai shi ya ga an fara ɗauri. Aka kai shi aka ajiye a inuwar baranda, ni na zauna kusa da kansa ina kore masa ƙuda. Tsakar masaukin ta cika da ihun masu alfadarai da ƙarar sikeli. An jera sandunan dalma a ƙasa layi layi, Iddir ya durƙusa ya ba mu baya, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana buga musu hatimin gidansu da guduma.

"Tuda," in ji Bassu, "idona ba ya kaiwa. A tsakiya yake bugawa?"

"A tsakiya, Kawu."

"To jiƙa min baki."

Na ɗiga masa sauran ruwan butar. Leɓensa ya ci gaba da motsi, na kai kunne na ji kalmar shahada ce, na taya shi. Bai ƙarasa ta biyun ba.

Na shafe masa ido, na ja gefen mayafina na kare masa fuska daga ranar da ta fara shigowa barandar. Ba wanda ya lura. Na buɗe baki zan kira Iddir, sai na ga saura kaɗan ya kai ƙarshen layin, na bari. Ya matsa gaba da gwiwa, ya daidaita hatimi a kan sanda ta gaba, ya ɗaga guduma.