Ranar da Malam Lissafi Ya Manta Tabarau

Shekara talatin Malam Lissafi ya yi yana koyarwa a sakandare, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. A unguwarsu babu mai sa hannu a takarda sai ya kawo masa ya duba. Ta haya ce, ta sayen fili ce, ta rancen babur ce, duk a teburin falonsa suke kwana. Zai ɗora tabarau a karan hanci, ya bi layi-layi da yatsa, sannan ya ɗago ya ce, “Ƙananan rubutun nan su ne takardar, manyan ado ne.” Mutumin kirki ne, babu musu, sai dai yana son a ce ya sani fiye da yadda yake son abinci.

Da mijin yayarsa ya rasu, wurin aikinsa suka biya haƙƙinsa, aka ware dubu ɗari huɗu don karatun ƴarsu tilo. Shekararta bakwai a lokacin, ana ce mata Likita saboda babu kyanwar da za ta ratsa gidan ba ta ɗaure mata ƙafa da tsumma ba. Yaya ba ta yi karatu ba. Ta kawo kuɗin a ƙulle cikin leda ta ajiye a gaban ƙanenta.

“Kai ke da idon karatu,” ta ce. “Ka nema mata inda za su zauna lafiya har ta girma.”

Bankuna biyu ne a babban titi, suna kallon juna. Wanda ya yi niyyar shiga layinsa ya fito har bakin titi, ga rana tana dukan ƙeya. Sai ya tsallaka ya leƙa ɗayan, wai ya ɗan sha sanyin na'ura tukuna. Yana shiga wani dogon saurayi mai ɗaure da nakatai a wuya ya miƙe tsaye ya rusuna. Dogo ake ce masa, tsohon ɗalibinsa ne, ɗan kujerar baya wanda bai taɓa wuce arba'in a jarrabawa ba. Ya kawo masa kujera, ya kawo ruwan sanyi, ya tara abokan aikinsa yana cewa, “Ku zo ku ga wanda ya koya mini kashi cikin ɗari.” Ya yi masa bayanin asusun ajiyarsu mai riba kashi biyar a shekara, ya ajiye masa fom mai shafi huɗu.

Malam ya sa hannu a aljihun gaba, babu tabarau. Ya laluba na gefe, babu. Nan ya tuna ya bar shi a bakin famfo. Rubutun ya koma masa kamar tururuwa a kan farin faranti. Abin da ya kamata ya ce gajere ne, “Dogo, karanta mini.” Amma ga matasa huɗu a tsaye a kansa suna jiran su ga yadda masani ke duba takarda, kuma a ce Dogo ne zai karanta masa? Sai ya ɗora yatsa ya bi layi-layi yana gyaɗa kai, har da ɗan tsayawa yana tsuke baki.

“Malam ya ga sharaɗin shafi na uku?” Dogo ya tambaya cikin ladabi.

“Na gani,” in ji Malam, ya sa hannu.

Suka ba shi kyautar laima mai tambarin bankin, suka raka shi har ƙofa. Laimar kuwa ta yi ƙarko, a faɗi gaskiya.

Tun daga nan duk ƙarshen shekara yakan buɗe wani baƙin littafi, ya ɗora kashi biyar a kan na bara, ya je ya karanta wa Yaya sabon adadin. Ita kuma ta yi ta sa masa albarka. Bai taɓa komawa bankin ya duba ba. Me zai duba, lissafi yana ƙarya ne? Saƙonnin bankin kuma suna ta tafiya wata tsohuwar lambarsa da ta bi wayar da aka zare masa a mota. Zancen tabarau kuwa ya manta shi sarai, irin mantuwar da mutum ke yi wa abin da ba ya son tunawa.

Shekara goma sha huɗu suka wuce. Likita ta zama budurwa mai shiru-shiru da kaifin kai, ta sami gurbi a makarantar aikin jinya, za a biya dubu ɗari shida nan da wata takwas. Ranar wata Litinin ta zo masa da takarda ta ja layuka da rula, yadda ya koya mata tun tana firamare.

“Kawu, duba mini. Bankuna uku na zagaya. Wannan ribarsa ta fi yawa amma suna cirar kuɗin kula da asusu duk wata, in ka lissafa ribar ta tafi. Wannan na ƙarshen, na tsallaken titi, ba sa cirar komai, kuma sun fi namu da kashi ɗaya. Na ce ko mu mayar da kuɗin can kafin lokacin biya, ko na littattafai na samu.”

Malam ya sa tabarau ya bi lissafin, bai sami kuskure ko ɗaya ba. Daɗi ya cika shi har wuya. “Jinina ce ke,” ya ce. “Gobe mu je tare. Dubu ɗari bakwai da casa'in da ɗaya za ki tarar, da ƴan canji.”

Da safe hadari ya haɗo, ya ɗauki laimarsa da baƙin littafin. Dogo yanzu shi ne manaja, ya yi tumbi, furfura ta fara cin gefen kansa. Ya shigar da su ofishinsa, ya sa aka buga bayanin asusun. Injin ya fara fitar da takardu, ya ƙi tsayawa. Dogo ya haɗa su ya duba shafin ƙarshe, fara'arsa ta ɗauke. Maimakon ya miƙa wa Malam, sai ya ajiye su a tsakiyar tebur ya janye hannunsa.

Likita ce ta ɗauka. Layi ɗaya ne yake ta maimaita kansa daga sama har ƙasa, shafi bayan shafi: kuɗin kula da asusu, dubu ɗaya da ɗari biyar. Babu riba ko sau ɗaya. A ƙasan shafin ƙarshe, dubu ɗari da arba'in da takwas.

Malam bai buƙaci biro ba. Wata ɗari da sittin da takwas, sau dubu ɗaya da ɗari biyar. Kansa ya ba shi amsar nan take, daidai wa daida, kuma bai taɓa tsanar iya lissafinsa ba sai ranar. Gumi ya tsattsafo masa a cikin sanyin ofishin.

“Irin wannan asusun na masu albashi ne,” Dogo ya ce a hankali, idonsa a kan tebur. “Sai ana zuba wani abu duk wata ake samun ribar. In ba a zuba ba, babu riba, kuma ana cirar kuɗin kula. Yana shafi na uku.” Ya ƙara da cewa, “Wataƙila mu ne ba mu yi wa Malam bayani sosai ba. Lokacin ina sabon shiga.”

Ƙofa ce Dogo ya buɗe masa, Malam ya gan ta sarai. Likita kuwa ta riga ta bi ta ciki. Yarinyar da ba a jin muryarta ta miƙe zaune.

“Ba wataƙila ba ne. An canza takardar ne, ko an ƙara shafin daga baya. Kawuna ba ya sa hannu a abin da bai karanta ba. Ku tambayi kowa a unguwarmu. Ni zan kai ƙara duk inda ake kaiwa, kuma da sunanka zan fara, tunda kai ka buɗe.”

Dogo bai kare kansa ba. Ya sunkuyar da kai yadda yake yi a kujerar baya in an kira shi allo. Da Malam ya yi shiru na minti ɗaya kacal, da ya fita da mutuncinsa cif, a bar Dogo da kayan. Kunya ta kama shi, irin wadda ta riƙe shi shekara goma sha huɗu da suka wuce a cikin ginin nan. Sai dai yanzu ya san farashinta, an buga masa shi a takarda.

“Likita,” ya ce. “Ki bar shi. Ya tambaye ni ko na ga shafin, na ce na gani.”

“To ai ka gani ɗin, Kawu, shi ya sa na ce an canza…”

“Ban gani ba. Ban zo da tabarau ba ranar. Na ji kunyar in ce ɗalibina ya karanta mini, sai na yi kamar ina karantawa.”

Ta juyo ta dube shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta dubi baƙin littafin da ke cinyarsa, wanda ake karanta wa uwarta duk shekara, ta kawar da kai.

“Zan cika miki,” ya ce da sauri. “Fansho na nan, zan sayar da babur…”

“Mu rufe asusun tukuna, Kawu.”

Suka tsallaka titi da abin da ya rage. An fara yayyafi, amma bai iya buɗe laimar ba, ya riƙe ta a hammata tambarin yana kallon ƙasa. A ɗaya bankin suka bi layi kusan awa guda. Yana ta juya yadda zai faɗa wa Yaya, duk ta inda ya ɗauko zancen sai ya tarar da ledar kuɗin nan a gabansa.

Da aka ba Likita fom, ta ɗora yatsa ta bi layi-layi. Inda ba ta gane ba ta tambayi ma'aikaciyar, wani wurin har sau biyu, ba ta ji nauyin kowa ba. Akwai cirar kuɗi duk wata? In ba a zuba komai ba fa? A nuna mata inda aka rubuta. Malam yana gefe yana kallon yatsan nan, nasa ne sak.

Ta kai layin ƙarshe. Tun tana aji ɗaya babu takardar da ta taɓa sa wa hannu ba ta miƙo masa ba, har ta karɓar littafi a laburare. Ya zaro tabarau ya goge da bakin riga, ya ɗora a karan hanci, ya miƙa hannu.

Ba ta ma lura da hannun ba. Ta sa hannu a fom ɗin, ta tura wa ma'aikaciyar.