Ɓerayen Hafsah

A Yola in ka ce kana binciken ƙwan ɓera, dariya za a fara yi maka, sannan a tambaye ka ko ɓera na yin ƙwai. Na gaji da bayani. Sunana Hafsah, kuma aikina ke nan a wani ƙaramin ɗakin bincike a Jimeta: in ciro ƙwayayen da ke cikin ɓera mace, waɗanda ido ba ya gani, in duba sinadaran furotin da uwa ke zuba musu. Kafin tayi ya iya yi wa kansa komai, da wannan guzurin yake rayuwa. Ɓerayena farare ne, kuma furotin guda ya yi ƙaranci a ƙwansu, shi ya sa yawancin tayinsu ke tsayawa da zarar ya rabu biyu. Dalilin tsayawar nake nema.

Keturah, abokiyar aikina, ita ta shigo da kakanninsu daga ƙasar waje kafin ta yi aure ta koma can. Tun tafiyarta ba ni da wanda zan nuna wa abu a madubin na'ura ya gane. Irin ɓerayen nan babu a ko'ina nan kusa, in suka ɓace aikina ya ɓace.

A gida kuwa ni da Inna ne, mahaifiyata. Ta zo wurina shekarar da 'yan tada ƙayar baya suka shiga Mubi, a ƙafa, ita kaɗai. Abin da ta faɗa mini kawai shi ne sun fito tare da Baba, ya juya gida, bai sake fitowa ba. Na tambayi abin da ya mayar da shi har na haƙura. Magana ta ƙaurace mata, sai mu wuni a gida ɗaya ba mu haɗa jimla biyar ba. Kaɗaici ya ishe ni, kuma ina jin haushinta, duk da na san bai kamata ba.

Daminar bana kogin Binuwai ya cika ya shigo ɗakin bincikenmu. Na kwaso kejina a keke napep na jera su a shagon gidanmu. Na zaci Inna za ta yi faɗa, macen da ta yi rayuwarta tana yaƙi da ɓera a rumbu. Sai ga ta tana leƙa su, har tana canza musu ruwa. Na ji daɗi, na fara ba ta labarin guzurin da uwa ke ɗaura wa ƙwai. Ta saurara.

Wata Talata da hantsi ina kasuwar Jimeta sayen dusar katako da nake shimfiɗa musu, sai aka fara jin harbi daga wajen bariki. 'Yan kasuwa ko a jikinsu, suka ce atisaye ne sojoji ke yi, an ma sanar a rediyo. Inna ba ta sauraron rediyo. Na yi sauri na koma.

Na tarar da ƙofar shago a wangale, kejin duk a buɗe. Wani farin abu ya gifta ta magudanar ruwa ya fice. Kyanwar maƙwabta na kan katanga tana lasar baki. Na duba keji ɗaya bayan ɗaya, dusa ce kawai a ciki.

Inna na zaune a zaure, mayafi a kafaɗa, ƙullin kaya a cinya, takalmana na gida a gabanta ta jera su. Na tsaya a kanta. Na ce mata aikin shekaru ne ta watsar, na ce ba yaƙi ake yi ba, na faɗi maganganun da ba a faɗa wa uwa. Ta bari na gama.

"Babanki awaki ya koma kwancewa," in ji ta. "Ya ce ba zai gudu ya bar dabba a ɗaure ba."

Can nesa aka sake sakin harbi, ta kama hannuna gam.

"Na buɗe musu tun da wuri, Hafsah. Yanzu babu abin da za ki koma yi."