Kankanar Kawu Shodibek

Dutsen da mata suke wanki a kansa ya ɓace. Da safe na gan shi a bushe, har da guntun sabulu a kai. Bayan azahar sai kumfa kawai a inda yake. Haka kogin garinmu yake yi a watan Yuli. Rana ta yini tana narkar da ƙanƙarar da ke saman tsaunuka, kafin la'asar ruwan ya iso mana, launin toka, yana mirgino duwatsu a ƙarƙashinsa har mutum ya ji rugugin a tafin ƙafarsa.

Kowa ya san wannan, ban da Kawu Shodibek, wanda shekara goma sha huɗu a Mosko suka mantar da shi.

Ranar gayyar yankan ciyawarmu ce. Kawu ya taho wa masu aiki da kankana uku daga birnin Horog. Da hantsi ya zuba su a buhun raga, ya taka busasshiyar tsakuwa har zuwa wani ƙaton dutse, ya ɗaure buhun a jikinsa yadda ruwa zai riƙa taɓa shi. Kaka Gulbegim, mahaifiyarsa, ta ce ya sa su a magudanar ruwan da ke bayan gidanmu kamar kowa. Ya ce ruwan magudana na wankin ƙafa ne. Har kiran mu ya yi mu ga ƙullin igiyar. Wai wani matuƙin jirgin ruwa ne ya koya masa, kuma ba mai kwance shi sai shi.

Yanzu ga maza sun ajiye lauje sun jeru a gaɓa. Tsakuwar da ya taka ta nutse, dutsen yana can tsakiyar ruwa, buhun yana leƙowa yana komawa.

"Shodibek, kankanar ta yi sanyi kuwa, ko mu ƙara mata lokaci?" in ji tsoho Mamadyor, maƙwabcinmu.

"Ku miƙa mata wuƙa, ta yanko kanta ta aiko mana," wani ya ƙara.

Kawu bai yi dariya ba. Ya tuɓe riga ya rataye a reshen bishiyar tut. "Minti biyu," ya ce. "In je, in kwance, in dawo."

"Mayar da rigarka," Kaka ta ce. "Tumbinka yana firgita awaki."

"Inna, ni fa a Mosko a watan Janairu nake shiga ruwa. Da gatari ake fasa ƙanƙarar kafin in shiga. Wannan rana da ake ƙwallawa, ai ruwan wanka ne."

Duk mun taɓa ganin hoton a wayarsa. Rami ne ɗan ƙarami a ƙanƙara da tsani a ciki, ga wani mutum tsaye da tawul yana jiran sa.

Shekara huɗu na yi a jami'a ina karatun ruwa, kuma safe da yamma nake gwada sanyin kogin nan. Amma ni ko gaisuwa zan yi a cikin maza sai muryata ta maƙale. Bara wannan ruwan ya ɗauki saniyar Mamadyor, sai a ƙauye na uku aka tsinci gawarta. Na dubi Kawu yana cire takalmi.

"Kawu," na ce. Ba wanda ya ji. Na sake. "Kawu, digiri shida ne."

"Me 'yar boko ta ce?"

"Shida. Na gwada ɗazu."

"Sama da sifiri ko ƙasa?"

"Sama."

"Kun ji! Ilimi da kansa ya ce in shiga. Allah ya yi miki albarka, Ozodamo."

Maza suka kwashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Sauran bayanin yana bakina: cewa ruwan da yake shiga a Janairu a rami yake kuma a kwance, cewa a ruwa irin wannan numfashi ne yake fara ƙwacewa, sannan yatsu su daina jin magana.

Sai na ɗauki bokitin da muke shayar da maruƙa, na ɗebo ruwa daga gaɓa, na ajiye a gaban Kaka. Na ciro ragowar igiyarsa daga kan katanga na ɗora a gefe. Na raɗa mata abin da nake nufi. Kaka ba ta jin raɗa sosai, amma wannan ta ji.

"Shodibek! Zo ka yi mini ƙullin nan naka a hannun bokiti. Ina so in gani kafin ruwa ya tafi da mai shi."

Ya zo yana murmushi, ya ƙulla, ya ja da ƙarfi don kowa ya shaida.

"To, zuba hannuwanka a ciki har gwiwar hannu. Minti biyu ka ce, ko? Ozodamo, duba agogo. In ka fito ka kwance shi, ni da kaina zan riƙe maka wando ka shiga."

"Inna, wasan yara ne wannan."

"Ai yaron nawa ne."

Ya durƙusa ya tsoma. Da farko waƙa ya fara da harshen Rasha. Rabin minti bai cika ba waƙar ta koma huci. Ya dube ni.

"Nawa ya rage?"

"Ɗaya da rabi, Kawu."

"Agogon nan na jami'a ne? Ba ya tafiya."

"Ci gaba da waƙar mana," in ji Mamadyor, ya tsuguna kusa da shi da kofin shayinsa mai gishiri. "Daidai wurin da ka tsaya ne ya fi daɗi. Ko in kira mai tawul?"

Wuyan Kawu ya yi ja, haƙoransa suka fara haɗuwa. Amma ya daure, wannan kam ba za a hana shi ba. Da na ce lokaci ya yi, ya zaro hannuwa farare fat kamar an ba shi aron na wani. Ya kai su kan igiyar. Yatsun suka tsaya a sandare. Ya tura ƙullin da babban yatsa, ya zame. Ya gwada da gefen hannu. Ya sunkuya zai sa haƙori.

"A can ma da baki za ka kwance?" Kaka ta tambaya. "Da wanne za ka yi numfashi?"

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Daga tsakiyar kogi wani dutse ya gangara a ƙarƙashin ruwa, muka ji shi gum, gum, har ya wuce. Kawu ya ɗaga kai ya bi ƙarar da ido. Ya daɗe yana kallon wurin.

Kaka ta kama hannuwansa biyu ta cusa a cikin mayafinta na ulu tana murzawa, tana faɗa wa masu aiki cewa gobe da sassafe ruwa zai janye, kowa ya zo ya ci kankana a kan tsakuwa, yau kuwa busassun 'ya'yan tut da shayi ne rabonsu. Mamadyor ya ce shi dama kankana tana sa shi fitsari.

Kawu ya zare hannuwansa a hankali. Ya je gindin bishiya, ya saukar da rigar da gwiwar hannu, ya saƙala ta a kafaɗa. Ya gwada maɓalli ɗaya, ya bari. Da zai wuce ni sai ya ɗan tsaya, ya dubi bokitin, ya dube ni. Sannan ya zura ƙafa a takalmi, ya bi hanyar gida ta bayan gonar dankali, riga a buɗe.